Kabarin Haya

Mahaifina masinja ne a sakatariyar ƙaramar hukumarmu har ya yi ritaya, kuma a bakinsa na fara jin cewa fayil ba shi da ƙafa sai an yi masa. Na ga wanda ya zo da takardunsa cif-cif ya yi wata shida yana sintiri, takalminsa ya cinye bai samu sa hannu ba. Na ga wanda ya zo da buhun gero a bayan mota ya tafi da biyan bukata kafin a kira la'asar. Saboda haka na tashi duk takardar da ta fito daga hannun hukuma ba na karanta gabanta sai na juya bayanta. Ba na alfahari da wannan hali, amma ban taɓa ɗaukarsa aibi ba, kuma da shi na sauka Dubai.

Kamfanin kargo da nake wa aikin takardu a Al Qusais ya kama mana gida mai ɗaki biyu, ni da wani mutumin Sifaniya da ke gyaran injin sanyi na kwantenoni. Ya girme ni da kusan shekara goma. Mutum ne mara yawan magana, sai dai in ya shiga kicin ya soya tafarnuwa da man zaitun har idona ya yi ruwa a ɗakina. Sau ɗaya na gaya masa abin da ba na so a sa mana a firji, bai sake kawo shi gidan ba, wannan ya sa na ga girmansa. Da gurguwar Turancinmu muke magana, muna cike giɓi da Larabcin titi. Shi yana ce mini habibi, ni kuma in ina son tsokanarsa sai in ce masa Yallaɓai.

Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni dariya. Garinsu ƙarami ne, a tsakiyar gonakin zaitun, kuma duk wata majalisar garin takan yi zama a nuna shi kai tsaye a intanet. Hantsinsu ne, mu kuma lokacin hutun cin abincin rana, sai ya jingina wayarsa da kwalbar ruwa a ofishin sito yana ci yana kallo. Magajin gari a tsakiya, kansiloli dama da hagu, ga sakatare yana karanto abin da za a tattauna. Sai su share awa guda a kan fitilar wani lungu ko motar 'yan makaranta. In an gama, duk ɗan garin da ke da magana ya miƙe ya yi tambayarsa. Ya bar garin shekara goma sha biyar, amma ya san wace kwata ce ta toshe.

Na ce masa, "Yallaɓai, wannan wasan kwaikwayo ne. Zaman gaskiya an yi shi jiya a falon magajin gari, yau karatun sakamako kawai ake yi muku."

Ya yi dariya ya ce ban san su ba. Na ce na san ɗan Adam.

Wata rana gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune a garin, ta ɗauko hoton wata sanarwa da aka liƙa a ƙofar maƙabarta ta turo masa. Na same shi a falo ya ƙura wa wayar ido, shayinsa ya huce. Da na tambaye shi sai ya yi mini bayanin abin da ban taɓa ji ba. A garinsu ba a haƙa kabari a ƙasa. Bango ne dogo mai ramuka layi-layi, kamar akwatunan gidan waya amma manya, a tura akwatin gawa ciki a rufe da dutse mai suna. Bangon na hukumar gari ne, iyali haya suke yi na wasu shekaru. To, wa'adin na mahaifinsa ya cika. In ba a sabunta ba kafin ranar da aka rubuta, za a buɗe, a tattara ƙasusuwan a ɗan akwati a kai wani ƙaramin bango a can ƙarshen maƙabartar, a ba sabon mamaci wurin.

Na ce, "Haya? Kabarin?"

Ya ce haka ake yi, kowa ya sani, ba wannan ne ya dame shi ba. Mahaifiyarsa ta rasu bayan mahaifin da shekaru, kuma tun tana da rai ta yi ta kai da kawowa har ta samu ramin da ke manne da na mijinta. Yanzu suna kwance kafaɗa da kafaɗa, bulo ɗaya ne tsakaninsu. Abin da yake so ke nan kawai, kada a raba su.

Ni kuwa tun a nan hancina ya fara jiyo wari. Na tambaye shi a wane layi suke. Ya ce layi na biyu daga ƙasa, daidai fuskar mutum, inda ake ajiye fure ba sai an hau tsani ba. Na ce ai kuwa kowa zai so wannan wurin. Ya ce ƙwarai, shi aka fi nema. Na tafa hannu na ce to ga ta nan, biri ya yi kama da mutum. Wani babba ne a garin ya tsufa, 'ya'yansa suka hango masa masauki, shi ne aka tuna da wa'adi. Ya ce sanarwar ta shafi iyalai da yawa ba su kaɗai ba. Na ce ai ba a yanka filin mutum ɗaya, sai an haɗa da na maƙwabta don kada a gane wanda ake nufi.

Bai biye mini ba. Ya zauna ya cike fom ta intanet, ya ɗauki hutun rabin yini ya je ofishin jakadancinsu aka buga masa hatimi a kan takardu. Abu ɗaya ya rage. Takardar hayar da sunan mahaifiyarsa take, kuma kafin a mayar da ita sunan magada sai 'yar'uwarsa ta sa hannu a gaban hukuma. Ita kuwa tana can Kudancin Amurka, a wani ƙauye da take aikin jinya, kuma ya lissafa ya ga da wuya takardarta ta iso kafin wa'adi. Sai ya rubuta wa kansilar da ke kula da maƙabarta da lambunan gari yana roƙon ƙarin lokaci. Mace ce, ya ce makarantar firamare ɗaya suka yi, tana bayansa da aji ɗaya.

Amsarta layi uku ce. Ya fassara mini: ta ga roƙonsa, yana gabanta tare da na wasu, za ta duba bisa layi. Ya ajiye wayar hankalinsa kwance ya shiga kicin.

Ni ne hankalina ya tashi. Za a duba! Na girma a kan wannan kalma. Na san mutanen da aka ce za a duba musu har suka mutu ana dubawa. Kuma mace ta san ka tun kuna yara, ta ba ka amsa layi uku babu ko ya aiki ya zafin Dubai? A wurina wannan ba taƙaitawa ba ce, saƙo ne. Tana gaya masa ne cewa ta ga takarda amma ba ta ga mutum ba. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi da dabara, na ce ko ɗan abin gaisuwa zai aika mata na tsohuwar zumunta. Ya dube ni kamar na ce ya aika mata da maciji, ya ce, "La, la, habibi. Khalas." Wato a'a, a bar maganar. A raina na ce wannan bawan Allah zai bari a tone ubansa saboda kunya.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Murshid Bazaar wajen wani Alhaji ɗan Kano da nake yi wa takardun kaya. Na same shi a kan dila yana sa ido ana ɗaure masa atamfofi. Bayan mun gaisa na kwashe labarin na gaya masa, don ina son in ji daga bakin babba abin da na riga na yanke.

Ya ce, "Kai Malam, kabari ma sai an yi renewing kamar visa? Allah Ya raba mu da mutuwar Turai."

Na ce, "Amin, Alhaji. Amma ya kake ganin maganar matar nan?"

Ya ce, "Ɗan Adam ɗan Adam ne ko a ina yake. Na yi clearing a ƙasa nawa? Ban taɓa ganin ƙofar da sallama ba ta buɗe ta ba. Ba cewa na yi ka ba ta kuɗi ba, wannan haramun ne, kuma raini ne. Gaisuwa za ka yi. Shwaiya, ɗan dabino mai kyau, turaren oud kwalba ɗaya, mayafi in ka samu. Yalla, ka tura express, inshallah ka ji labari."

Abin da nake son ji ke nan. Na zaga kasuwannin Deira na zaɓo dabino na ainihi, wanda ni kaina ban taɓa saya wa bakina ba, da turare, da wani mayafi mai laushi ruwan toka. Ni na shirya kwalin da hannuna a sito, na naɗe shi da salatif gicciye sau biyu kamar yadda nake yi wa kayan da nake ji da su. Adireshin majalisar na kwafo daga takardar da ya bari a teburin falo. Na rubuta ɗan kati, waya ta juya mini shi zuwa Sifaniyanci: gaisuwa daga Dubai, da fatan alheri, daga tsohon ɗan makarantarku. Na sa sunansa. Don kada ta rikice da wani, na ƙara da lambar ramin mahaifinsa a ƙasa. Ban gaya masa ba. Na ce in an ƙara masa lokaci zan faɗa masa muna dariya, ya san cewa na fi shi sanin duniya.

Kwana goma sha wani abu bayan nan aka yi zaman majalisa. Muna ofishin sito, shinkafar biryani a gabanmu, wayarsa jingine da kwalba. Sakatare bai kai ga fara karatu ba kansilar ta ɗaga hannu. Ta sunkuya ta ɗauko wani abu daga ƙasa ta ɗora a kan tebur. Tun kafin ta juya shi na gane salatif ɗina.

Abokina yana fassara mini kamar yadda ya saba, jimla bayan jimla, bai san inda maganar ta dosa ba. Ta ce wannan kwali ya iso ofishinta daga ƙasar waje, da kati mai ɗauke da lambar wani rami da ke cikin sanarwar maƙabarta. Ta ce ta miƙa shi ga sakatare a rubuta, ba ta taɓa komai a ciki ba. Ba ta ambaci suna ba, lambar kawai ta karanta. A nan ya daina fassara. Cokalin na hannunsa, ya tsaya cak.

Sauran sai daga baya ya gaya mini. Ta ce ta riga ta shirya takardar ƙarin lokaci ga duk iyalan da magadansu ke ƙasashen waje, a makon nan za ta sa hannu, kuma za ta sa. Amma wannan fayil ɗaya ta cire shi daga ciki, ta janye hannunta, ta mayar wa magajin gari. Sai wani kansila na ɓangaren adawa ya miƙe yana buga tebur, ya ce in aka ƙara wa wannan fayil ko kwana ɗaya, gari zai ce dabino ne ya saya. Ba wanda ya musa masa. A gari irin nasu lambar rami suna ce, kafin a tashi daga zaman kowa ya san ɗan wane ne.

Ashe takardar tana kan teburinta, alƙalami kawai take jira. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ya faɗa da ya juyo gare ni. Ya ce, "Habibi, ka yi gaskiya. Wani ne yake son wurin. Wani ne ya aika wannan da lambar mahaifina don ya ɓata ni."

Da na buɗe baki a lokacin da an wuce wurin. Ban buɗe ba. Na ce Allah Ya kyauta, na tattara robobin abinci na fita. Kwana biyu ina kallonsa yana zama irina. Mutumin da bai taɓa zargin kowa ba ya zauna yana jera mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya, wa ke da tsoho a asibiti, wa ke da ɗan'uwa a ƙasashen Larabawa da zai iya aiko da kaya daga nan, wa ya taɓa faɗa da mahaifinsa a kan iyakar gona. Yana tambayata ra'ayi, don yanzu ni ne malaminsa. Ina cewa wataƙila, ina jin kunyar kaina har cikin ƙashi.

A rana ta uku da safe na same shi a kicin ya gama lissafinsa. Ya tsaya a kan ɗan gwaggonsa, wanda ya taɓa aiki a Abu Dhabi, surukinsa kuma yana kwance ba lafiya. Ya ce zai kira gwaggon yanzu ya gaya mata abin da ɗanta ya yi. Tsohuwar da ke share wa iyayensa dutse duk Lahadi. Ya riga ya ɗauki wayar.

Na ce, "Yallaɓai, ajiye. Ni ne."

Bai gane ba sai da na maimaita, na gaya masa shagon da na sayi dabinon da inda na samo adireshin. Na zaci zai yi ihu, na ma fi son ya yi. Ya kashe murhu, ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Me ya sa?"

Na ce ina tsoron kada a raba su ne. Na ce a wurinmu haka ake yi, ba a zuwa gaban mai iko hannu rabbana, kuma ba cin hanci ba ne, gaisuwa ce.

Ya ce, "Ka sa lambar kabarin ubana a jikin gaisuwa?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Na tambaye ka yadda ake yi a wurinku? Na ce maka a'a. Da bakina na ce maka a'a."

A ranar na rubuta wasiƙa zuwa ga magajin gari da kansilar, na faɗi komai, na haɗa da hoton fasfo ɗina da rasit ɗin aika kaya mai sunana. Shi ya gyara mini Sifaniyancin, ya nuna mini inda zan sa hannu. Amsar ta zo cikin mako. Magajin gari ya ce ya karanta, ya yarda, an sa wasiƙar a fayil, kuma za a karanta ta a zama na gaba don sunan iyalin ya wanku. Amma ƙarin lokaci alfarma ce ba hakki ba, kuma bayan abin da ya faru a bainar jama'a ba zai iya yin alfarma a kan wannan fayil ba. Wa'adin da ke jikin sanarwa shi ne wa'adi. In takarda ta cika kafin ranar, za a sabunta kamar na kowa.

Muka koma kan 'yar'uwarsa. Ta bar aikinta ta yi tafiyar yini guda zuwa birnin da ofishin jakadanci yake, aka ce sai ta dawo wani mako. Ni da nake taƙama da sanin hanyar kaya na kira duk wanda na sani a harkar, ina bin lambar saƙon a kwamfuta kamar mai jiran haihuwa. Takardar ta isa garin kwana huɗu bayan wa'adi.

Ko a lokacin ban saki zargina ba, don shi kaɗai ya rage mini in fake a bayansa. Na ce a raina bari mu ga wanda za a saka a ramin, in ba surukin magajin gari ba to ubangidansa na siyasa. Da haka ta faru da na samu abin cewa, ko ba komai na ce dama can sun shirya, kwalina dalili kawai suka samu. Da lokacin ya yi aka ba wadda ke gaba a layi, wata tsohuwa da ta yi rayuwarta tana sayar da burodi a bakin kasuwa, ba ɗa ba jika. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ba idona ba.

Dokarsu ta ce in za a buɗe rami sai wani daga iyali ya tsaya. Ya ɗauki hutun mako guda ya tafi. Na ce zan raka shi filin jirgi, ya ce jirgin ƙasa na metro ya ishe shi.

Ranar da ya dawo ina gida, da rana tsaka. Na karɓi jakarsa, ya bar mini. Na dafa shayi na kawo, ya sha. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na ce masa ya yafe mini, na cuce shi, na cuci iyayensa, kuma na san ba abin da zan yi ya gyaru. Ya ce ya san alheri na nufa, amma kada in tambaye shi wannan yau.

Sai ya ci gaba da magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce ma'aikatan sun yi aikinsu da ladabi, kansilar ma ta zo ta tsaya daga nesa. Ya ce shi ya ɗauki akwatin da hannunsa, bai bar wa kowa ba, kuma bai san mutum yana komawa mara nauyi haka ba. Daga wurin mahaifiyarsa zuwa sabon wurin ya ƙirga taku ɗari biyu da goma sha ɗaya, rabinsu hawa ne.

Ya ce, "Gwaggo gwiwoyinta ba za su kai ta wuri biyu a rana ɗaya ba. Ta ce Lahadi ɗaya za ta je wa mahaifiyata, mai bi mata ta je wa yayanta. Ta tambaye ni wa za ta fara da shi, na ce mata ban sani ba."